Zirin Takarda a Gefen Waya

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa gyara a layin masu gyara na unguwar Glass, a Libreville, aikin Raliya ya ratsa ta hannunsa ko da bai san da zamanta a duniya ba. Ita ce mai buga 'yar takardar nan mai manne, mai baƙaƙen layuka a jere, wadda in an haska mata na'ura sai ka ji ƙit, sunan mai waya da ciwon wayar su fito a kwamfuta. Etiket ake ce wa takardar a garin, kamar yadda rabin kayan duniya ke amsa sunan Faransanci a bakin Bahaushen Gabon. Ita kuwa Raliya gajera ce mai saurin tafiya, shekarunta arba'in da 'yan kai, kuma in kana son ganin ɓacin ranta, ka ce mata ai aikin nata manna takarda ne kawai.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifinta, Malam Jika, wanki da guga ya yi a Fagge shekara talatin, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne, bai taɓa ba wani rigar wani ba. Kowane gida da kalar zarensa, ana soka shi a cikin kalmasa inda mai riga ba zai gani ba, kuma tun tana 'yar shekara tara ita ke riƙe allurar. Da aka ɗaura mata aure da Sabitu, ɗan unguwarsu mai kantin kayan masarufi a unguwar PK8 can Libreville, ta baro Kano da akwati biyu, ta zauna a kanti tana auna shinkafa, tana tsintar Faransancin kasuwa a bakin masu saye. Shekara goma tana haka, ta haifi Taufiƙ da ƙannensa biyu. Ba ta taɓa kuka da zaman ba, amma ba ta taɓa jin aikin nata ne ba.

Injin buga takardar ma kuskure ne ya kawo shi gidan. Wani babban kanti ya rufe aka yi gwanjon kayansa, Sabitu ya sayo kwali guda a zaton injin buga rasit ne a ciki. Da ya ga ba haka ba, ya tura shi ƙarƙashin gado yana ƙunƙuni. Raliya ta jawo shi, ta share masa ƙura, ta yi mako uku tana kokawa da shi da littafinsa, in ta gane kalma ɗaya uku su wuce ta. Ranar da ya fara tofo takarda mai layuka, ta ɗaga ta duba, sai ta ga ai zaren babanta ne aka mayar na zamani.

Wanda ya fara yarda da ita shi ne Matthew, mutumin Kafanchan, dogo mai sanƙo, dattijo a cocinsu, wanda ya fi kowa daɗewa a layin masu gyara. Abin da Matthew ya yi shi sauran ke yi, ko da kuwa sauya kujera ne. Ta je kai wayar Sabitu ne ta tarar da shi tsakanin mutum biyu, kowa na rantsuwa wayar da ke kan tebur tasa ce, shi kuma yana ta juya wani tsohon littafi da ruwan sama ya jiƙa. Ta jira ƙura ta lafa, sannan ta ce masa tana da maganin wannan. A lokacin wayoyi masu jiki ne. Da farce kake ɓalle murfin baya, ka ɗaga batir, ga fili nan sai ka ce an tanade shi don takardarta. Can ake mannawa, gumi ba ya kai mata, damshin garin nan da ke sa gishiri ya zama ruwa ma ba ya kai mata. Cikin shekara biyu shago goma sha huɗu na sayen etiket a hannunta, ta keɓe kusurwa a kanti ta sa teburinta, har Sabitu kan ce wa baƙi su yi a hankali kada su taka ofis.

Sai masu ƙera waya suka ɗora wa wayoyi azumi. Kowace shekara sabuwar da za ta fito ta fi ta bara rama, ana ta yabon ta, kamar siranta wani hali ne na gari. Daga ƙarshe suka liƙe bayan da gam, ba murfin ɓallewa, ba batirin ɗagawa, ba ko kusurwar da za ka ɓoye ƙwayar gero. Su dai can inda suke ba su taɓa tunanin akwai wata mata a PK8 da ke cin abinci da wannan filin ba. Masu gyara suka tambayi Raliya ina za a koma mannawa, ita kuma ba ta tsaya dogon tunani ba ta ce a tsakiyar baya. Haka aka yi ta yi, ba a ga komai ba, don Matthew da na'urar busar da gashi yake ɗumama gefen waya har gam ya saki, zafin bai cika kai wa tsakiya ba.

Ran nan aka kawo masa farantin lantarki na masu gyara, wanda ake kwantar da waya a kai ta bayanta, cikin minti biyar gam ya yi laushi. Dattijo da sabon abin wasa, sai ya ɗora waya biyu lokaci guda don maƙwabta su gani. Iri ɗaya ne, baƙaƙe, kamar tagwaye. Ɗaya ta wani direban taksi ce, Abdoul, wanda ya ce a gyara masa wurin caji sannan a goge komai, don sayar da ita zai yi. Ɗaya kuma ta Delight ce, 'yar Jos mai kitso a unguwar Batterie IV, batir kawai za a sauya mata. Da Matthew ya ɗaga su, takardun biyu sun koma baƙi ƙirin, ba layi ba lamba. Maimakon ya jira masu wayar, sai ya dogara da tunaninsa cewa ta hagu ce ta direba, ya goge ta. Ashe ta dama ce ta direban. Hoto ɗari shida da wani abu, kitson shekara huɗu, wanda matan manya ke dubawa su zaɓi wanda za a yi musu, duk ya tafi, kuma Delight ba ta ajiye su a ko'ina ba.

Da labari ya kai wa Raliya ta hau taksi ta zo, ta tarar da Matthew ya mayar da farantin cikin kwalinsa, yana shirin kai wa wanda ya sayar masa, wai zafinsa ya wuce ƙa'ida. Ta ɗauki takardun biyu ta duba, nan take ta gane. Injinta ba shi da tawada. Da zafi yake rubutu, inda ya taɓa takardar nan ke yin baƙi, kuma ta san haka tun shekarar farko, ranar da ta manta da wani naɗi kusa da murhu. Ba wanda ya sani a layin sai ita. In ta yi shiru, faranti ya ɗauki laifi, a wuce wurin.

"Baban Promise, farantinka lafiyarsa ƙalau," ta ce wa Matthew, da sunan da ake kiransa a layin. "Takardata ce. Duk zafin da ya same ta baƙi za ta yi. Na sani tuntuni, ban faɗa maka ba, kuma ni na ce a manna a baya."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Hajiya, da kin yi shiru da ban sani ba."

"Ni ai na sani," ta ce.

Bai yi mata faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ne, kuma ya ce rabin laifin nasa ne tunda shi ya canka bai jira masu wayar ba. Amma a gabanta ya aika aka sayo salatif na takarda da biro, ya bi wayoyin da ke kan kanta ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sunaye da hannu. Kafin mako ya zagayo, shago goma sha huɗun nan duk sun koma salatif da biro. Wanda bai san abin da ya faru ba ma ya bi, don ya ga Matthew ya yi.

Sabitu mutumin kirki ne, sai dai irin kirkin da ke ƙara wa mutum haushi. Ya ce mata ita ma gaskiya da lokacin faɗinta, amma tunda an riga an yi, ta dawo kan awon shinkafa, ai ba yunwa a gidan. Bai gane ba. Ba abinci ne ya hana ta sukuni ba. Abin da ke ci mata rai shi ne a ce daga yau, in an ambaci Raliya a Glass, sai a ce, au, matar nan da takardarta ta salwantar da kayan mutane. Kunya ta ji, irin wadda ke sa mutum ya sauya hanya, kuma ta ƙudura a ranta ba da wannan sunan za ta ajiye aikin ba.

Mafita ta zo ta bakin Adamou, wani ɗan Maraɗi mai tsaron sito a wani kamfanin katako a Owendo, bakin tashar jiragen ruwa, wanda kan biyo kantin ya sayi shayi da sukari. Ya ji suna maganar, ya ce shi bai ga abin wahala ba, su ma suna manna irin wannan a gindin gungumen icce, ya yi wata da watanni a rana da ruwa, ya hau jirgi ya ƙetare teku, a can a haska ya amsa. Ya ce ta taho ta gani da idonta. Washegari ta tafi, ta sauya mota biyu, ta tsaya a cikin laka tana kankare wata etiket da farce har ma'aikata suka fara dariya. Ba takarda ba ce, wata irin leda ce mai ƙarfi, kuma da wani baƙin kirtani mai tawada ake buga ta. Adamou ya nuna mata shagon da kamfanin ke saye. Da ta dawo gida ta buɗe injinta, sai ga sanduna biyu a ciki, daidai wurin ɗaura kirtanin. Shekara takwas tana ganin su, ta ɗauka ado ne.

Ba ta sake yarda da komai a kan an ce ba. Ta buga guda goma, ta manna ɗaya a murfin tukunya tun daga ɗora shinkafa har saukewa, ta haska, ƙit. Ta shimfiɗa tsumma a kan wata ta danna mata dutsen guga, ta haska, ƙit. Ta bar wata a kan rufin kwano kwana uku, rana ta gasa ta ruwa ya wanke ta, ita ma ta amsa. Sabitu ya ce saura ta soya ɗaya da albasa.

Amma an gudu ba a tsira ba. Etiket ɗin katako faɗinta ya kai tafin hannu, kuma ta riga ta gane mannawa a baya kuskure ne ta fuska biyu, don bayan shi ake cirewa a ajiye gefe, waya ta zauna ba shaida. Abin da ba ya rabuwa da waya shi ne ƙarfen da ya zagaye ta, shi kuwa kaurinsa bai kai na fensir ba. Ta gwada rage layukan, suka cakuɗe, na'ura ta ƙi karantawa. Kwana huɗu tana ɓata leda. Rana ta biyar da hantsi, cikin haushi, ta ɗauki almakashi ta tsaga wata gida biyu ta tsakiyar layukan za ta zubar, sai hasken na'urar da ke kan tebur ya faɗa kan rabin, ƙit. Ta tsaya. Ta sake yanka rabin, ta haska, lambar nan dai ta fito. Ashe tsawon layukan ba shi da aiki, faɗinsu da tazararsu ne magana, kamar zane mai ratsi da duk ƙyallen da ka yanko ta kwance yana ɗauke da ratsin gaba ɗaya. Daga etiket guda sai ga ziri huɗu masu lamba ɗaya: na gefen waya, na murfin baya, na gwangwanin da ake zuba ƙananan kusoshi, da na takardar da mai waya zai tafi da ita. Ta zauna ita kaɗai tana dariya, har mai sayen sabulu ya leƙo ya ga ko lafiya.

Da murnarta ta kai wa Matthew, shi kuwa ko karɓa bai yi ba. Ya ce bai ƙi ta tata ba, yana iya yiwuwa abin ya yi. Amma Delight cocinsu ɗaya, kuma tun ranar ba ta sake gaishe shi ba, in sun haɗu a ƙofa sai ta kau da kai. Muddin yarinyar nan na wuce shi haka, ba zai iya manna komai na Raliya a wayar kowa ba. Raliya ta so ta ce ai wannan daban wancan daban, amma ta haɗiye, don ta ga ba gardama yake nema ba, ciwo ne ke damun sa.

Ta yi shawara da Sabitu a kan abin da take son yi. Ya ce in dai mata ne kaɗai za su gani, kai nata ne. Ranar Talata da safe, lokacin da shagunan kitso ba su da mutane, ta isa Batterie IV. Delight na zaune tana warware gashin kanti, ta gane ta, ba ta ce ta zauna ba. Raliya ta ba da haƙuri a tsaye, ta faɗi laifinta ba ta rage komai ba. Delight ta saurara har ƙarshe.

"Madam, haƙuri ba ya nuna kitso," ta ce. "Jiya wata ta zo da babbar mota, ta ce in nuna mata aikina. Me zan nuna? Ta juya ta tafi."

Raliya ta ajiye jakarta. Ta cire mayafi ta ninke, ta kwance ɗankwali, ta zauna a kujerar da ke gaban madubi. Shekara goma sha takwas a garin nan, maƙwabciyarta ce kaɗai ke taɓa mata kai, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe.

"Ki yi wanda ya fi wuya," ta ce. "In kin gama ki ɗauka ta baya, ban da fuska, kuma mata kawai za ki nuna wa. Da ɗaya ake farawa."

Awa huɗu aka yi. Sa'ar farko Delight da fushi ta yi kitson, tana ja kamar mai cire ciyawa, hawaye na taruwa a idon Raliya amma ta daure, ta san akwai abin da ake biya da fatar kai. Can wajen ƙeya hannun ya yi sanyi. Aka fara da zancen ruwan garin nan da ba ya gajiya, aka koma sanyin Jos, aka gangaro kan tsadar dawa da wahalar samun daddawa ta ƙwarai. Da aka gama, Delight ta zagaya da waya ta ɗauki hoto uku. Mako na gaba Raliya ta dawo da Zubaida da Rabi'a, maƙwabtanta na PK8, na gaba da shi kuma ta zo da wasu uku. Ba su kai ɗari shida ba, ba kuma za su kai nan kusa ba, amma yanzu in mai babbar mota ta tambaya akwai abin nunawa.

A zuwa na uku ne Raliya ta lura bayan wayar Delight ya tsage, an ɗaure da salatif. Wayar ta faɗi ne makonni da suka wuce, gilashin na yankar mata yatsa, amma ta ƙi kai wa kowane mai gyara. Raliya ba ta roƙe ta komai ba, ta dai ciro ziri huɗu daga jaka ta nuna mata yadda suke aiki. Delight ta juya su a hannu, ta tura hotunanta kaf zuwa wayar ƙanwarta, don wanda maciji ya sara ko igiya ya gani gudu yake, sannan ta ɗauki jakarta ta rufe shago.

Matthew ya miƙe tsaye da ya ga su biyun sun shigo. Delight ta gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar mutanen gida, ta ajiye wayar a tebur ta ce a sauya mata baya, kuma da takardar Anti Raliya take so a yi aikin. Ya ce a bari ya fara gwadawa a wata matacciyar waya. Ta ce a'a, a tata za a gwada.

Raliya ta manna zirin a gefen wayar, ta gyara zamansa sau biyu. Matthew ya jawo farantin, ya kwantar da wayar, ya kunna. Masu gyara na maƙwabta sun cika bakin ƙofa, kowa da salatif ɗinsa a aljihu. Minti biyar ba wani lokaci ba ne, amma Raliya ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba tun ranar da ta baro Kano. Ya ɗaga wayar da tsumma, ya ɓanɓare tsagaggen bayan, ya duba gefen, fari tas da layukansa. Ya miƙa wa Raliya na'urar haskawa, sai ya fasa, ya miƙa wa Delight. Ta haska. Ƙit. Sunanta ya fito a kwamfuta, da lambarta, da abin da ta kawo a gyara.

Ba wanda ya yi tafi. Matthew ya ci gaba da aikinsa kansa a sunkuye, sai da ya kusa gamawa ya tambayi Raliya, ba tare da ya ɗago ba, ko guda nawa za ta iya yankawa kafin Juma'a. Daga bakin ƙofa wani ya ce a sa da shi, wani ma ya ce haka. Ta nemi benci ta zauna, daɗi ya cika ta, ta fara lissafi da yatsu.

Da ya liƙe sabon bayan ya goge wayar, ya sa farce zai ɓare zirin, kamar yadda ake yi wa kowace waya kafin a mayar wa mai ita. Delight ta riƙe hannunsa.

"Baba, bar min shi a wurin," ta ce. "Da shi zan riƙa yawo."